Tsirkiya Ɗaya

Malama Agatina ba ta da fiyano.
Rufin ajinmu na yoyo, kuɗin gyara sun maƙale a Palermo,
sai ta zo da katako tsawon kamu biyu,
da ƙusa biyu, da tsirkiya ɗaya
da ta roƙo wurin Turiddu mai ɗinkin taru.

Ta kaɗa. Muka yi tsit.
Ta danne tsakiya da yatsa, ta sake kaɗawa.
"Me kuka ji?"
Nunzia ta ce, "Muryar ce dai, amma ta koma yarinya."
Malama ta rubuta a allo: biyu bisa ɗaya.
Ranar muka san lissafi ma yana da maƙogwaro.

Ni ɗan masunta ne, littafina ƙarnin kifi yake,
ga i'ina, kalma na fita bakina
kamar jaki a bakin gada.
Babana ya tare ta a kasuwar Siracusa,
ya ce, "Girkanci? Harshen waɗanda ƙasa ta rufe?
Wa ya taɓa sayar da sadin da shi?"
Ta gama zaɓen kifinta tukuna,
ta ce, "Abin da zai ci, kai za ka koya masa.
Ni ina tanadin abin da zai yi bayan ya ƙoshi,
da ranar da ba zai samu ba."

Wata Talata ta kai mu ramin duwatsu bayan gari,
inda lemo ke 'ya'ya yanzu, ƙadangaru na shan hantsi.
Ta ce, "Nan aka zuba fursunonin yaƙi,
shekara dubu biyu da ɗoriya.
Rana ta gasa su, dare ya daskarar da su.
An ce wasu sun fita, ba da zinariya ba,
da baitocin da suka haddace suna kamarku."
Calogero ya ce, "Da ni ne fa?"
"Me ke kanka?"
"Sunayen 'yan ƙwallo."
"To, a rami za ka kwana."
Muka sheƙe da dariya. Shi bai yi ba.
Kafin Juma'a ya kawo baiti ashirin,
biyar a karkace.

Akwai kogo a wurin, dogo, mai siffar kunne,
in ka yi raɗa ya mayar maka da tsawa.
Ta tura ni gaba.
"Kada ka karanta. Tuƙa.
Dogo, gajere, gajere. Ai ka san filafili."
Na tuƙa. Baitin ya ratsa bakina bai yi tuntuɓe ba,
dutse ya dawo min da muryar wani namiji
da ban taɓa gamuwa da shi ba.

Babana bai yi ƙarya ba:
shekara arba'in ke nan, ko sadin ɗaya
ban sayar da Girkanci ba.
Amma daren da injin ya mutu mana, nesa da tudu,
yaron jirgina na kuka, ruwa na hawa,
da me kake jin na riƙe shi har asuba?

Bara na je gidan tsofaffi a Noto.
Tana bakin taga, hannuwa kamar busasshen ganye.
Ta ɗauke ni mai gyaran famfo,
ta tambaye ni ko uwarta ta dawo daga coci.
Na ja kujera, na fara baitin kogo a hankali.
Da na kai gaɓa ta huɗu, na ja ta da gangan.

Yatsanta ya ɗaga.
Ba ta ko dube ni ba.
"Gajere ne, kai," in ji ta. "Sake."

Na sake.